Lasifikokin Mijin Yaya

Bayan katangar gidanmu a Daura akwai fili da ake shanya gyaɗa da kaka. Shekarar da na gama kwaleji aka fara wasan Sallah a wurin: a kafa dandamali, a gayyato mawaƙa, a jera lasifikoki masu tsayin mutum, duk bakunansu suna kallon gidanmu. Daga la'asar ake farawa.

A wannan Sallar Baba bai daɗe da dawowa daga asibiti ba. Hawan jini ne ya kayar da shi, likita ya ce hutu da barci su ne rabin maganin. Ranar farko na kai masa kunu, na tarar da shi zaune ya dafe kai da hannu biyu, ruwan kofinsa yana rawa shi kaɗai.

"Baba, a yi musu magana mana."

"Wa za a yi wa maganar?" ya ce, bai ɗago ba.

Mai lasifikokin mijin Yayarmu ne, Yaya kuwa ita ce 'yar fari. Ko sunanta Baba ba ya faɗa, balle ya aika wa mijinta cewa sana'arsa ta hana shi sakat. Ya kuma hana a gaya wa Yaya, kada a sa ta tsakanin uba da miji.

Washegari ina wanke-wanke Inna ta tsaya a kaina, tana kallon wani wuri daban.

"Ke dai mijin Yayarki abokin wasanki ne," ta ce. "Ni ban aike ki ba."

Gaskiya ne, ƙanwar mata tana iya gaya wa mijin yayarta abin da ta ga dama, muddin da dariya ta faɗa. Sai dai ni ban iya tsokana ba, ko a aji da kyar ake jin muryata. Na yafa mayafi bayan azahar, ina tafe ina haɗa kalmomi suna warwarewa.

Na same shi yana jan waya a gindin dandamali.

"A'a, yau 'yar boko ce a filinmu? Waƙa kika zo yi? Ku ba ta makirfo!"

"Waƙar me, kun kurmantar da gari? Yaya dai ta yi haƙuri, ta auri mai gwangwanaye."

"Gwangwanaye? Yarinya, har Zango ake jin kayan nan!"

"To mutanen Zango sun gode. Mu na bayan katanga, jiya Baba kansa a hannu ya wuni."

Dariyarsa ta ɗauke. Ya dubi katangar.

"Ɗakin Baba ta nan yake?"

Na gyaɗa kai. Ashe shekara shida da auren, bai taɓa wuce zaure ba. A zatonsa ɗakin yana can ta bakin titi.

"Shi ya aiko ki?"

"Ka san ba zai aiko ba."

Ya cire hula ya shafa kai, ya ƙwala wa abokan aikinsa kira. Ina tsaye suka cicciɓi dandamalin zuwa ƙarshen filin, suka juya lasifikokin suka fuskanci gonakin gero. Ya ce za a rage ƙarar, kuma da kiran magariba an tashi.

Da la'asar kiɗan ya taso, siriri, kamar biki ake yi a wata unguwa iska tana ɗebo mana kaɗan. Na leƙa ɗakin Baba. Yana kwance ta gefen dama, carbi ya zame daga yatsunsa, numfashinsa yana fita a hankali. Inna ta yafito ni da hannu kada in tashe shi. Na zauna kusa da ita a kan tabarma.