Kwalba Uku Zuwa Kance

Shekarar da maigidana ya dawo daga cirani a Kano, bai zo mini da atamfa ba, tsohuwar mota ya zo da ita. Rabin unguwarmu a Matameye sun fito kallo, sauran rabin kuma suna bayanta suna turawa, domin ba ta tashi da makulli. Allurar mai ta mutu tun kafin a haifi ɗanmu na fari, don haka da karan dawa yake auna tanki: ya zura, ya zaro, ya duba jiƙon kamar mai duban ƙasa.

Ni dai abin da na gani shi ne kwalaben esansi, wato fetur, da masu sayarwa a bakin hanya ke juye mata kullum, ga ɗakina yana yoyo. Na ce a sayar da ita a yi rufi kafin damina. Ya ce in ba shi lokaci, zai koya mata tattali.

Ya kuwa dage. Ya canja buji mai ba inji wuta, ya sa makanike ya wanke karbireta, ya ƙara wa tayoyi iska. Ya cire kujerar baya don ta yi sauƙi, kaji suka samu wurin kwana. Wani ya ce masa tagogi a buɗe suna jan mai, sai ya riƙa rufe su a tsakiyar bazara, ya fito jiƙe sharkaf. Duk da haka karan dawa bai canja magana ba.

Da rigima ta ƙi ƙarewa, sai yayansa ya shiga tsakani. Ya ce a tsiyaye tanki ƙaf, a zuba kwalba uku, a je Kance a dawo. In ta dawo ƙofar gida, ta zauna. In ba ta dawo ba, a kai ta kasuwa. Ni aka ce in shiga in zama shaida, tunda ni ce mai ƙara.

Ranar ce na fara zama kusa da shi tun daga fita har dawowa, kuma kafin mu bar unguwa na gano ɓarawon. Mun yi tafiya kaɗan ya tsaya gaida liman. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi ƙafar da ke ciwo tun bara. Inji na ta ruri, don in ya kashe sai an nemo masu turi. Daga nan sai mahauci, sai wani da aka yi wa haihuwa, sai wani da ba su ma san juna sosai ba amma ya ɗaga hannu.

Na so in yi shiru in ci nasara, amma bakina ya fi ƙarfina.

"Malam, motar nan ba ta da laifi," na ce. "Gaisuwarka ce ke shan mai."

Ya dube ni, ya dubi inda allura take kwance, ya ce, "To, yau ba ni gaida kowa. Ke ce shaida."

Ban taɓa ganin azaba irin wadda ya sha a hanyar nan ba. Ya kafe ido a kan kwalta kamar sabon gwamna. Mutane na ɗaga hannu, shi kuwa leɓɓansa na motsi, yana gaishe su a ɓoye yana amsa wa kansa. A Kance ko tsayawa bai yi ba, ya zagaye wata bishiya ya juyo. Wani abokinsa ya biyo mu da gudu yana kira, maigidana ya ce mini, "Faɗa masa da hannu, ba mutuwa aka yi ba." Na yi dariya har da hawaye.

Muna hango gidajen Matameye, inji bai ko yi tari ba. Na riga na fara sallama da rufin ɗakina.

A gindin wata bishiyar bedi, kafin shiga gari, akwai wani tsoho da ke zama, aminin marigayi mahaifin maigidana. Idonsa ya tafi, amma ya san kukan motar nan. Ya ɗaga sandarsa yana murmushi tun muna nesa. Maigidana ya rage gudu, ya ƙara, ya sake ragewa. Bai dube ni ba. Ya taka birki.

"Baba, ina wuni?"

"Ɗana, kai ne? Na ce yau ba ka wuce ba."

Ya fita ya durƙusa, ya bar inji na ci. Tsohon ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya kawo labarin wata gona da suka noma da mahaifinsa. Maigidana na jin motar ta fara shaƙewa a bayansa, bai katse shi ba. Ta yi tari, ta yi shiru. A lokacin nan na ji kunyar rufin ɗakina, kuma na ji ina son mutumin nan fiye da ranar da aka kai ni gidansa.

Ba mu nemi kowa ba. Mahauci ne ya fara zuwa, sai wanda aka yi wa haihuwar nan, sai waɗanda aka ƙi gaisarwa da safe, suna turi suna yi masa tsiya. Har ƙofar gida suka kawo mu.

Yayansa na zaune a kan tabarma. Ya dubi masu turi, ya dube ni.

"Shaida, me kika gani?"

"Yaya, ka ce in ta dawo ƙofar gida. Ga ta nan."

Maigidana ya sunkuyar da kai. Na ce sharaɗina ɗaya, a gyara ta ta riƙa tashi da makulli, don ya kashe inji in zai yi gaisuwa. Aka gyara, kwalba uku ta koma yin abin da biyar ba ta yi. Daminar nan da kwano na tare yoyo, sai da kaka aka yi rufi.

Abin da ban hango ba shi ne, da can kukan inji ke tuna masa ya taƙaita gaisuwa. Tun da aka yi gyaran nan, ban ƙara ba shi tuwo da zafi ba.