'Yar Tirelar Aro da Azumin Inna

Juma'a: daga Ƙurban zuwa Badar

Ƙarfe shida da minti talatin da biyar muka bar unguwarmu ta Ƙurban, bayan mun yi Asuba a masallacin Ƙuba. Gari bai gama wayewa ba, ga sanyin Madina mai shiga ƙashi. Mu huɗu ne a motar: maigidana Abban Hafsa, wanda ke aikin haɗa magunguna a wani asibiti a nan, da ni, da 'yarmu Hafsa, sai mahaifiyata Inna da ta zo Umra daga Katsina. Saura mata kwana tara ta koma, kuma abu biyu ta roƙa: ta ziyarci shahidan Badar, ta ga teku da idonta. Shi ya sa muka shirya kwana ɗaya a tanti a bakin ruwa, a Rayis.

Sati biyu muka yi muna gardama a kan yadda za a ɗauki kaya. Akwai tanti biyu, da ƙaramin tantin bayi, da dardumai, da tukunyar gas, da jarkokin ruwa, da keken guragu na Inna saboda gwiwarta. Ni na ce a kafa kariya, ƙarfen nan da ake sa wa a saman mota a ɗaure kaya. Ya ce kariya tana jan iska, tana shan mai, kuma wa zai riƙa hawa da ciwon bayansa? Ranar Alhamis sai ga shi da 'yar tirela mai taya biyu, aro daga wani abokin aikinsa a unguwar Jurf. Mai ita ne ya biyo shi ya ɗaura mana da kansa, ya ajiye motar tana kallon titi. Ban kawo komai a raina ba.

Sai na faɗa muku halin Inna. Tana da ciwon suga, kuma ba ta awa biyu ba ta zaga ba. Ga ta da kunyar suruki irin ta mutanen da. Shekara goma sha huɗu da aurenmu, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta ci ba ta sha a gabansa, ko gaisuwa ta amsa kanta a sunkuye. Duk abin da za ta ce masa, ni za ta gaya wa. Tun a gida ta tambaye ni ko ana tsayawa a hanya, na ce mata istiraha, wato wurin hutawar matafiya, kamar ƙasa.

Bakwai daidai muka wuce shingen taftish, inda ake binciken motoci, askari, wato ɗan sanda, ya leƙa tirelar ya ɗaga mana hannu. Bakwai da rabi Inna ta mintsine ni. Na ce, "Abban Hafsa, mu ɗan tsaya, shayi nake so." Ya rage gudu, ya leƙa cikin istirahar, ya ce cunkoso ya yi yawa, ya wuce. Ta biyu ya ce daga gani ba su da tsabta. Daga titi fa, ko gilashi bai sauke ba. A Musayjid, kilomita kamar tamanin daga gida, na ce ni dai dole in sauka. Sai ya tsaya can bakin kwalta, nesa da ginin. Keken Inna kuma yana can ƙasan tanti da dardumai, an ɗaure da igiya huɗu. Haka na riƙe ta muka taka, tana yi tana hutawa, manyan motoci suna wucewa suna kaɗa mana mayafi. Da ƙyar muka dawo mota. Ni kuwa raina ya gama ɓaci.

Tara da minti ashirin muka shiga Badar. Sau uku ya zagaye maƙabartar yana neman inda zai tsaya, ga wurare nan a fili yana wuce su. Amma da muka tsaya a bakin katanga muka yi wa shahidai sallama, na ga hawaye yana bin kuncin Inna, sai na ji fushin ya sauka. Muka yi Juma'a a garin, muka ci shinkafa bukhari da rabin kaza, riyal ashirin da biyar faranti. Inna ta ci nata a mota, shi yana can waje.

Rayis

Biyu da rabi muka iso, bayan tafiyar kilomita talatin da wani abu. Ya bi wata 'yar hanya a kan rairayi, ta ƙare mana a gindin kwandunan shara. Can hagu ga wuri mai kyau dab da ruwa. Hafsa, wadda Hausarta ta ji ce kawai, ta ce, "Baba, irja' wara shwayya mana," wato ya ɗan koma baya.

Ya sa ribas. Motar ta yi dama, tirela ta yi hagu. Ya gyara, ta lanƙwashe har ta kusa dukan fitilar baya. Sau biyar yana gwadawa, gumi yana keto masa cikin sanyin nan. A nan na gane cunkoso da rashin tsabtar da ake ta faɗa mini tun safe. Bai iya komawa baya da ita ba, kuma ba zai iya faɗa a gaban surukarsa ba. Ya kashe mota ya ce ai nan ma ya fi, iska ba ta da ƙarfi. Muka kafa tanti kusa da shara, ƙudaje suna taya mu.

Duk da haka Inna ta ga teku. Muka tura kekenta har inda rairayi ya riƙe tayoyin, ta sauka ta tsoma ƙafa, ta ɗanɗana ruwan ta tofar, ta ce lallai ikon Allah ya wuce labari. Ta sha shayi kofi biyu da yamman nan, tunda ga bayi a kusa.

Asabar: komawa

Da safe na kai mata kunun gyaɗa da ruwa, ta ce in mayar, ta ɗauki azumi. Inna da likita ya hana azumin nafila shekara uku ke nan, kuma a ranar Asabar, kuma a kan tafiya. Na tambayi maganinta, ta ce ta haɗiye tun kafin Asuba. Na matsa mata, sai ta ce a hankali, "Ke ba ki ga yadda tsayawa ke ba shi wahala ba? Ba zan sa mijinki ya yi ta fama saboda ni ba. In ban sha ba, ba zan nema ba."

Ashe ta riga ni ganewa. Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah, ta ce ta riga ta yi niyya, kuma kada in kuskura in gaya masa. Na rasa wanda zan ji haushi a cikinsu.

Sai da muka kwance tirelar, ni da shi da Hafsa muka juya ta da hannu, kafin muka bar Rayis ƙarfe goma da rabi. Mun wuce Badar da kamar minti ashirin na ga leɓen Inna ya bushe, zufa ta jiƙa mata goshi, carbin hannunta yana rawa. Na tambaye ta, ta ce lafiya lau, amma muryar ba tata ba ce. Sai na saɓa umarninta. Da Larabcina na kasuwa, wanda Inna ba ta ji, na gaya masa ta sha maganin suga ba ta ci komai ba, na kuma gaya masa dalili.

Gidan man farko da muka gani ya karya kan mota ya shiga, ya wuce famfuna, ya bi wani lungu tsakanin masallaci da shago har ƙofar bayin mata, inda ko mai keke sai ya sauka zai juya. Ya ruga shago ya dawo da lemon kwali da dabino. Ya buɗe ƙofar da Inna take, ya durƙusa a ƙasa.

"Inna, laifina ne. Ban iya ribas da abin nan ba, kunya ce ta hana ni faɗa. Don girman Allah ki karya azumin nan."

Inna ta ja mayafi ta juyar da kai wajena. Sannan ta ce, "Ki ce masa ya matsa can. Ya zan sha yana tsaye a kaina?"

Ya miƙo mini kwalin ya koma bayan masallaci. Ta shanye, ta ci dabino biyar, na auna ta da 'yar na'urar da ke jakata. Cikin kwata guda idonta ya dawo daidai, na raka ta ta zaga.

Fita kuma ta gagara. Wani dattijon direba, Bahaushen Sudan, yana alwala ya ji muna Hausa, ya ƙaraso. Ya dubi lungun, ya dubi maigidana, ya ce, "Ya akhi, wane ne ya shigo da wannan nan?" Ya karɓi makulli, hannu ɗaya a sitiyari, ya fito da ita a tashi guda. Ya ce mai iyali da tsohuwa a mota kariya ta fi masa, tirela ta masu raƙuma ce. Na sa wa bakina linzami, Allah ya sani da ƙyar.

Daga nan zuwa Madina sau uku muka tsaya, ba tare da kowa ya nema ba. Kowace tsayawa har bakin ƙofa yake kai mu, kowace fita kuma sai mun kwance mun juya da hannu, mutane suna kallonmu. Tafiyar awa uku ta zama ta kusan bakwai. Biyar da kwata muka shigo Ƙurban, abayata duk baƙin mai, tafin hannuna ya yi kanta.

Ranar Lahadi ya mayar wa mai ita kayarsa, ranar Talata aka kafa kariya a shagon masu gyaran mota, ya dawo yana yi mini bayanin amfaninta kamar ban taɓa ji ba. Na saurara.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya dawo mana da Inna a kan ƙafarta, Allah ya saka wa direban nan da ko sunansa ba mu tambaya ba. Ran da za mu kai ta filin jirgi, tana ɗaure jakarta ta ce in gaya wa mijina ta yafe masa duniya da lahira, yaro ne mai kirki. Sai kuma ta ƙara da cewa, in da hali, a samo mata tasi.