Babur Mai Fitilar Ƙwai

Malam Siddiƙu, mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin ofishin lasin, ya ajiye alƙalami yana kallon wani baƙo. Dattijo ne dogo, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, yana turo jan babur mai kaushin taya, irin wanda Turawan awon ƙasa ke kutsawa daji da shi. Tun daga Kalgo yake turo shi, don an ce masa doka ta hana hawa sai da lamba.

Babur ɗin ya zo ba fitila, ba oda, sai dattijon ya ɗaura masa fitilar ƙwai da 'yar ƙararrawa. Siddiƙu ya ce a ransa, lalle da zai taso duk ƙauyensu sun fito rakiya.

Akawu ya leƙo ta taga. "Baba, wannan ba fitilar babur ba ce."

"Malam, ai tana haske."

"Sai kun sayo ta gaske daga Ikko."

Dattijon ya share sirdin da bai taɓa zama a kai ba, ya juya. Wani mai jaki ya wuce shi, ba lamba ba fitila, har yana yi masa sannu da aiki.