Ranar da Hancin Baba Habu Ya Rasa Aiki

Har gobe ban manta da Talatar nan ta cikin damina ba, ranar da muka canja maganin ɗauri a masana'antarmu ta silifas da ke bakin hanyar Ƙaraye. Ku da kuka shigo aikin daga baya ba ku san warin da muka rayu a cikinsa ba, shi ya sa nake son ku ji.

Ga wanda bai san sana'ar ba, haka ake yi. Ana zuba ƙwayoyin roba a injin murza tare da launi da garin da ke sa ta kumbura, sai a ƙara wani farin gari da sunansa a jikin buhu feroksayid ne, mu kuwa maganin ɗauri muke ce masa. Shi ke sa roba ta kama jikinta idan ta ji wuta. In babu shi, takalmi zai narke a ƙafar mutum da rana. Daga nan a yanka, a jera a mazubi, a rufe a injin matsa.

Tsohon maganin yana da wani wari mai zaƙi-zaƙi da ke tsayawa a maƙogwaro. Yana shiga riga, ya shiga gemu, sabulu ba ya fitar da shi. Idan na hau motar Rogo zan je gida Ruwan Bago, sai in ga na kusa da ni ya juya fuskarsa waje.

Ni a lokacin mataimaki ne a injin matsa, ƙarƙashin Baba Habu, mutumin Yammedi, wanda ya fi kowa daɗewa a wurin. Shi da hanci yake aiki. Yakan tsaya kusa da injin, da zarar warin ya yi kauri ya ce, "Ta nuna, buɗe." Amma warin nan ya ci ƙirjinsa. Tari ya hana shi sakat, likita ya ce ya bar wurin, shi kuma yana da iyali, ba shi da wata sana'ar. Ya riga ya gaya wa manaja cewa ƙarshen wata zai tafi.

Ana cikin haka Injiniya Rakiya, mai kula da haɗin sinadarai, ta matsa wa manaja ya yarda a gwada wani sabon nau'i marar wari. Ya yarda da sharaɗi ɗaya: in roba ta lalace, a koma na da, kada a sake tayar da maganar.

Zubin farko ya fito da laushi, yana manne wa hannu kamar tuwon da bai sha tuƙi ba. Manaja ya dubi Injiniya. Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ya fi na da son wuta. A ba ni zubi ɗaya." Ta ƙara zafi, ta tsawaita lokacin, muka sake rufewa.

Baba Habu ya matsa kusa da injin yana jan numfashi. Ya jira, ya sake ja. Sai ya girgiza kai.

"'Yata, babu abin da ke faruwa a ciki. Ba na jin komai."

"Baba, yana aiki. Ka duba agogo, ka bar hancin ya huta."

Da ƙararrawa ta buga na ja hannun injin. Faifan robar, mai kama da soso, ya yi tsalle daga mazubi, ya buɗe shuɗi shar, tururi na tashi. Duk muka kauda kai muna jiran bugun warin nan da muka saba. Shiru. Abin da na fara ji shi ne ƙamshin ƙasar da ruwa ya jiƙa, yana shigowa ta taga. Tun da na fara aiki ban san ana jin ƙamshin damina a ɗakin nan ba.

Baba Habu ya ɗauki faifan bayan ya huce, ya lanƙwasa, ya ja, ya taka da dugadugansa. Faifan ya koma yadda yake. Ya kai shi fuskarsa ya daɗe a haka.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," in ji shi. "To da me ya ɗaure, tunda bai yi wari ba?"

Injiniya ta ce roba zarurruka ce ƙanana da ido ba ya gani, maganin kuwa ɗinke su yake yi da juna. Warin ba ɗinkin ba ne, ɓurɓushin da tsohon maganin ke bari ne. Wannan ma yana barin nasa, sai dai kaɗan ne, hanci bai cika kama shi ba.

Dattijon ya zauna a kan buhu, idonsa ya cika. "Ashe ba dole ba ne," ya ce a hankali. "Duk shekarun nan, ashe ba dole ba ne."

Bai tafi ba a ƙarshen watan. Manaja ya sa aka ƙara fanka mai zuƙe iska, domin Injiniya ta gargaɗe mu cewa rashin wari ba ya nufin rashin haɗari: har yanzu garin ba ya son rana, ba ya son wuta, ba a ɗibarsa da hannu tsirara. Baba Habu ya koyi karanta ma'aunin zafi da tsufansa, ya yi aiki har ya ajiye don raɗin kansa.

Abin da na koya shi ne, ma'aikaci kan saba da wahala har ya ɗauka ita ce aikin. Mun yi ta shaƙar abin da ke cutar da mu muna kiransa alamar nuna. Don haka idan wani abu a nan ya dame ku, kada ku ce haka aka gada. Ku tambaya tukuna ko dole ne.