Tsumman da Na Raina Ranar Suna

Shekarun baya, lokacin ina da cikin fari a unguwar Ƙurban, muna da maƙwabciya, wata dattijuwa 'yar Bangaladash da ɗanta ya kawo Madina. Khala muke ce mata. Hausa ba ta ji, Larabcinta kuma na kame-kame ne, amma ita da mahaifiyata sai su wuni suna hira, rabi da baki rabi da hannu.

A ɗakinta akwai ƙunshin mayafai da suke kira kanta. Matan ƙauyensu ne ke jera tsofaffin zannuwa, su zare zaren launi daga bakin zanen, su bi da allura har furanni da jirage su fito. Matan suka ba alhazai suka kawo mata ta sayar musu, domin ambaliya ta cinye gonakinsu. Ɗanta ya zaga kasuwa, kowa ya juya ya ce musta'amal ne, an riga an yi amfani da shi. Matan kuwa sun aiko cewa in kayan suka dawo, allura ta gama aiki, 'yan matansu birni za su tafi aikatau.

Da na haihu, Khala ta kawo min guda. Ni a lokacin kai na rawa, na tanadi bargon kanti mai sheƙi. Na ce wa mahaifiyata, "Umma, tsumma zan nuna wa mutane ranar suna?"

Ta ce, "Ke a me aka naɗe ki? Tsohon zanen kakarki ne, ga ki nan ba ki lalace ba."

Ban ji ba. Kafin suna, bargona da zafin Madina suka haɗu suka yi wa yaron ƙuraje har wuya. Ranar suna Umma ta naɗe shi a mayafin Khala ta miƙa wa baƙi. Kunya ta kama ni.

Wata gwaggona, wadda ba a burge ta, ta shafa ta juya bayansa ta ce, "Masha Allah, wannan hannun wa? Ko masu ɗinkin hula a Kano sai haka." Kun san mata da suna. Abin da gwaggo ta yaba, kowa nata take so. Kafin la'asar ƙunshin ya ƙare, masu ciki na yi wa Khala magiya. Har ni na shiga baki ina bayani, kamar ba ni ba. Daga nan duk shekara alhazai na zuwa da sabon ƙunshi.

Yaron ya fara makaranta sai ga Khala da baƙuwa, wata siririyar mata daga ƙauyensu da ta zo sauke farali da kuɗin allurarta. Ta ɗauki mayafinmu ta kalla, ta dafa ƙirjinta. Ita ta ɗinka shi. Sai ta ga inda ya yage na yi masa ɗinkin ganin dama. Ta harare ni, ta warware, ta zauna ta gyara abinta.

Har yau in na tuna daɗi nake ji. Ban taɓa shan harara mai daɗin wannan ba, domin ta wadda ta san darajar hannunta ce, kuma hannun nan ne ya kawo ta har Madina.