Dominic Yamusa da Ƙafar Zalɓe

A Abaji in ka tambayi gidan Dominic Yamusa, sai an ɗan yi tunani. Amma in ka ce mai ƙafar zalɓe, ko ɗan acaɓa zai kai ka har ƙofa.

Mutumin Kagoro ne, ya zo Abuja da ƙuruciyarsa, ya yi shekara goma sha tara yana tuƙi a gidajen Maitama. Har ya ba arba'in baya bai taɓa riƙe fatsa ba. Kifi dai a faranti ya san shi. Sai ya samu aiki wurin wani Bature ma'aikacin ofishin jakadanci, wanda ba shi da wata magana sai ta kamun kifi. Duk Asabar sai Dominic ya kai shi dam, su hau kwalekwale, shi yana riƙe da lema, oga yana riƙe da sandar kamun kifi.

Abin da ogan ke jefawa ruwa ne ya ba Dominic dariya ran farko. Waya ce an lanƙwasa ta kamar lamba bakwai, an ɗaura mata dalma a tsakiyar doguwar ƙafar. A gajeren hannun kuma zare ne mai ƙugiya da tana, da wani ɗan ƙarfe mai sheƙi da ke juyawa cikin ruwa. In kwalekwale yana tafiya a hankali, ƙafar wayar tana taka ƙasan ruwa tana tsallake duwatsu, ƙugiyar na biye da ita daga ɗan sama, daidai bakin kifin da ke kwance. Oga ya ce a ƙasarsu da ita suke kama wani kifi mai ido kamar gilashi. Dominic ya dube ta ya ce, "Oga, wannan ai ƙafar zalɓe ce." Sunan ya zauna.

Da wa'adin Baturen ya cika, ya bar masa sanda ɗaya da ƙafar zalɓe guda biyu. Shi ma Dominic baya ya fara damunsa, ya ajiye tuƙi, suka koma Abaji, garin matarsa Prudence, wadda ta buɗe rumfar farfesu a bakin titin Lokoja.

Wata Asabar da rani ya ɗauki sandarsa ya tafi kogin Gurara ta wajen Yaba. Can ya haɗu da Malam Kabir, masunci ɗan gado, yana ɗinkin koma a ƙarƙashin bishiya. Da Dominic ya ba shi labarinsa, Kabir ya karɓi wayar, ya juya ta, ya sake juyawa.

"Oga direba, da wannan za ka kama kifi, ko rediyo za ka gyara?"

"Kai dai ka tuƙa ni, malam. A hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai."

Kabir ya yarda, don a cewarsa ya daɗe bai samu abin dariya ba. Kafin azahar duka biyun sun maƙale a kogon dutse, zare ya tsinke. Da suka fito gaɓa, sai Kabir ya zaro karfasa biyu daga cikin nasa ya miƙa masa. "Kai wa madam, kada ta ce ruwan Gurara ba kowa a ciki."

Dominic ya yi kwana uku ba ya cin abinci sosai. A rana ta huɗu ya je wurin mai gyaran keke ya tsinto tsofaffin wayoyin ƙafar keke, ya roƙi mai faci guntayen dalmar da ake maƙala wa tayar mota, ya narka ta a gwangwanin sadin a bayan gida, ya shiga gwajin haɗa tasa ƙafar zalɓen. Na farko ya yi nauyi, yana kwanciya a laka. Na biyu ya yi sakayau, ruwa yana ɗaga shi. Sai a na shida ya gane cewa duwatsun Gurara sun fi na dam tsayi, don haka ƙafar tana bukatar ƙarin taƙi guda. Saura ƙarfe mai sheƙi.

Da yamma Prudence ta fito daga rumfa tana share hannu da zane.

"Baban Glory, ina ƙananan cokulana? Kwastoma biyu yau da hannu suka sha romo."

"Maman Glory, aro na yi."

"Aro? Ga wutsiyarsu can a bola."

Ta ce in cokali ya tafi kogi, to ya dawo da kifi, in ba haka ba shi ma ya kwana can.

Asabar ta zagayo, suka sake fita da Kabir. Dominic ya saki zare har ya ji wayar ta taɓa ƙasa, ya ɗan ɗago. Ta cikin sandar yana jin komai: nan yashi, nan tsakuwa, nan dutse. Sun kai wata gwiwar kogi inda ruwa ya yi duhu, sai sandar ta tanƙware.

"Ka sake kama dutse," in ji Kabir.

"Malam, dutsen nan tafiya yake yi."

Kwalekwalen ya juya kai da kansa ya nufi tsakiyar ruwa. Kabir ya daina dariya, ya kafa filafili yana ta ba da umarni, sassauta, ja, kada ka tsaya, zauna mana. Hular Dominic ta faɗa ruwa, ba wanda ya kula. Sun fi rabin awa a haka kafin kifin ya gaji ya taso, ya juya farin cikinsa sama. Giwan ruwa ne. Da Dominic ya ɗaga shi a gaɓa, kan kifin na ƙugunsa, wutsiya na share yashi. Kabir ya ce rabonsa da ganin irinsa a wannan wuri tun mahaifinsa na da rai.

A kan babur aka kai shi gari, mutane na leƙowa daga shaguna. Prudence ta zagaya shi sau biyu, ta ce, "To, ba laifi," sannan ta aika a kira maƙwabta. Rabi ya shiga tukunyar rumfa, rabi aka raba, kan kuma Dominic ya mayar wa Kabir da kansa.

Bayan sati biyu Kabir ya zo gidan da sassafe, ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi lafiyar awaki har da ta kaji, kafin ya ce wai wani ƙaninsa ne ke son irin wayar nan. Dominic ya ba shi biyu, bai tambayi sunan ƙanin ba.

Yanzu duk Alhamis za ka sami Dominic a gindin mangwaron gidansa da filaya da gwangwani, yana lanƙwasa waya. Masu zuwa daga Kwali da Gwagwalada suna saye, har da wasu ma'aikatan gwamnati masu fita hutun ƙarshen mako. Kowa sai ya sha bayani kafin a miƙa masa: kada a yi gudu, kada a saki zare da yawa, ƙaramin kifi a mayar da shi ya girma. Bai sake kama kamar na ranar nan ba, yawanci ragon ruwa ne da tarwaɗa, wata rana ma haka yake dawowa.

Da damina kogi kan cika ya yi ja, sai ya jingine sanda ya koma gonar doya. Ya ce noma ma yana da daɗi, sai dai doya ba ta ja da mutum, kuma shi ya fi son abin da zai ɗan yi masa gardama.