Bencin da Ya Ƙi Karyewa

Tun kafin masu kunun shinkafa su ɗora tukunya a unguwar Kowloon, Kawu Tong ya riga ya buɗe shagonsa. Zai kurɓi shayinsa mai madara, ya naɗe hannun riga, ya bi katakan da ke jingine yana ƙwanƙwasa su da bayan yatsa kamar mai zaɓen kankana. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana wannan aiki. Kafinta ne, amma duk abin da ya ƙera, don a farfasa shi ya ƙera shi.

Duk wanda ya taɓa riƙe ciki don dariya a finafinanmu na faɗan kunfu, inda mai gidan shayi zai bi ɓarawon agwagwa da benci, ya muƙa masa a gadon baya bencin ya tarwatse, to ya ga aikin Kwok Yiu-tong, wato Kawu Tong, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Shi ke yanka katakon ta ciki da zarto, ya bar ɗan abin da zai riƙe shi, ya cike tsagar da garin katako, ya barbaɗa alli don ƙura ta tashi, ya shafe da fenti har ka rantse kakan wani ya tsufa a kansa. In yankan ya zarce, benci ya watse a hannun mai duka. In bai kai ba, bayan mutum ne zai karye a madadin katako.

Waɗanda suka ga abin da idonsu har yau suna ba da labarin wata damina. Maigida Mak, mai tsara faɗa, ya kwana biyu yana koyar da wani rikicin gidan shayi: taku goma sha shida, kowanne da ƙidayarsa, a na ƙarshe benci ya sauka a bayan Fung Siu-ling, budurwar da ke karɓar duka a madadin tauraruwar fim. An kwana uku ana ruwa. Kawu Tong ya ƙwanƙwasa bencin, sai ya ɓata fuska.

"Ba za a doki kowa da wannan ba yau. Ya sha sanyi, ya kumbura, tsagar ta haɗe."

"Haba Kawu, ba kai ka yanka shi da hannunka ba?" in ji Maigida Mak. "Mutum talatin a tsaye, rana na gudu. Ko benci ma mura yake yi yanzu?"

Aka kwashe da dariya. Siu-ling ta matso ta yi ƙasa da murya. "Kawu, ƙyale shi don Allah. In na ƙi yau, gobe wata za a kira." Gaskiya ta faɗa, don a wancan zamani wanda ya ja da baya sau ɗaya ya gama cin abinci a harkar.

Kawu Tong ba mai dogon zance ba ne. Ya ajiye zarto, ya juya baya, ya dafa gwiwa. "To Maigida, fara da ni. In ya karye, na kwashe kayana, kada ka ƙara nemana."

Mak ya ɗaga benci ya sauke. Ƙum! Ko gezau bencin bai yi ba. Kawu Tong ne ya zube, haƙarƙari biyu sun tsage. Daga kwancen ya ce, "Kun ga aikin kafinta? Wannan har jikokinku sai sun zauna a kai."

Ba wanda ya iya dariya. Mak, mutumin da ba a taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba, ya durƙusa ya miƙa masa jan ambulan na kuɗi da hannu biyu, kamar yadda ake wa duk wanda ya ji ciwo a wurin ɗaukar fim. Kawu bai yarda an kai shi wurin mai ɗori ba sai da aka busar da wani bencin a bakin murhun mai abinci, aka ƙara yankan a gabansa. Sau ɗaya aka ɗauka, katako ya watse kamar gurasa.

Kai ne, Kawu Tong, ka ce a'a ranar da kowa ke jin tsoron faɗinta. Kai ne garkuwar masu faɗuwa a madadin taurari, don mutane sun biya sun yi dariya, kai kuma ka tabbatar ba wanda ya biya da ƙashinsa. Mun gode, kuma wallahi muna alfahari da kai. Ku masu tasowa, ku koyi zartonsa in kun iya, amma ku fara koyon taurin kansa.

Makon jiya raunin ido ya sa ya rufe shago, muka haɗa masa shayi. Tsofaffin 'yan faɗuwa suka cika wurin, wannan na ɗingishi, wancan na tsokanarsa. Can sai ga Siu-ling, kai ya yi furfura, tana tafe a miƙe da jikarta goye tana barci. Ta zo gabansa ta juya.

"Kawu, duba nan," ta ce. "Da bayan da ka bar mini nake goyon ta."